Fito A Gulbin Rima Zuwa Ziyarar Birnin Shehu

Ko da yake sunan garinmu Mairuwa, da yawa daga cikinmu ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba. Ruwan da muka sani shi ne na madatsar garinmu, da 'yan rafukan da yaro kan naɗe wando ya tsallake da rani. Amma malaminmu na labarin ƙasa ya koya mana cewa Gulbin Sakkwato a nan ƙasarmu ya samo asali, kusa da Funtuwa. Daga nan ya miƙa arewa maso yamma, ya bi ta Gusau, ya isa Bakolori kusa da Talatar Mafara inda aka datse shi a 1978, sa'an nan ya haɗu da Gulbin Rima daf da birnin Sakkwato. Su biyun suka zama ɗaya, suka bi ta Argungu da Birnin Kebbi, har suka faɗa Kogin Kwara. Wannan gulbi shi na haye cikin kwalekwale a babban hutun damina na 2025, ni da kakata, don ziyarar Hubbaren Shehu da manyan masallatan birnin. Labarin wannan tafiya nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, domin akwai abin lura a cikinsa.

Kakata, watau mahaifiyar babana, Iya muke kiran ta. Ta haura shekara 70 da haihuwa. Tun tana yarinya take jin mahaifiyarta tana ba da labarin yadda suka taka da ƙafa har Sakkwato cikin ayarin mata, suka yi ziyara, suka komo. Tun daga lokacin ta ƙudura a ranta ita ma sai ta je, amma aure da haihuwa da hidimar gida suka yi ta tura abin gaba. Da yana ta fara rufe mata ido, sai ta tara 'ya'yanta ta ce, "Ina so in ga Hubbare tun idona yana rarrabe fari da baƙi. Ga kuma ƙanwarku da ke aure a hayin Rima, rabona da ita tun sunan ɗanta na fari."

Maganar ba ta shiga da sauƙi ba. Baba ya ce shi hanya yake tsoro, domin kowa ya san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau take ciki saboda 'yan bindiga. Baba Ƙarami kuwa nasa uzurin daban ne. Ya ce yana gudun a je a roƙi wanda ke cikin kabari, alhali Allah kaɗai ake roƙo. Aka kwana uku ana ja-in-ja, har aka kai maganar gaban limamin unguwarmu. Liman ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izinin ziyarar kaburbura domin tana tuna wa mutum lahira. Ya ce abin da ake yi shi ne a yi wa mamata sallama, a roƙa musu gafara, buƙata kuwa a kai ta ga Allah. Ya ƙara da cewa Shehu da kansa ya wallafa littafi mai suna Ihya'us Sunna a kan raya sunna da kashe bidi'a, saboda haka wanda ya je ƙofarsa ya kamata ya bi karantarwarsa. Iya ta ce ita ma abin da za ta je yi ke nan. Baba Ƙarami ya gamsu, har shi ya biya kuɗin mota.

Da aka zo zaɓen ɗan rakiya, Iya ba ta bari an yi shawara ba. Ta ce, "Maigidana ne zai kai ni. Wace mace ce ke tafiya ta bar mijinta a gida?" Kowa ya yi dariya. Na ce, "To tsohuwa, in kin gaji a hanya ni dai ba zan goya ki ba." Baba ya ja ni gefe ya ce, "Kai ne idonta. Abin da ka gani ka faɗa mata daidai, kada ka rage, kada ka ƙara."

Muka tashi ran Talata 19 ga Agusta, bayan rana ta fito sosai, domin ba mai bin wannan hanya da duhu. Muka wuce Sheme da 'Yankara, muka shiga Tsafe, muka hangi dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama. Tun daga Sheme har Gusau ba wanda ya yi hira a motar, kowa sai jan carbi. Daga Gusau muka bi ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara da Tureta da Dange da Shuni. Mijin Gwaggo, wanda nake kira Baffa, ya tarbe mu a tashar Sakkwato. Muka haye gada a mota, sa'an nan muka hau babura, muka yi dogon zagaye cikin fadama kafin mu isa ƙauyensu da almuru. Iya ta ce ba gaɓar da ba ta yi mata tsami ba.

Aka shirya sai ran Juma'a za mu shiga birni. To daren Laraba da na Alhamis aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya waye ruwa ya shafe hanyar baburan nan, ba ka ganin kome sai kan ciyawa. Baffa ya ce saura hanya ɗaya, watau fito. Nan fa jikin kowa ya yi sanyi, domin ran Lahadin da ta wuce, 17 ga wata, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a ƙasar Goronyo yana kan hanyar zuwa kasuwa, aka rasa rayuka. A wannan gulbi ne, kuma maganar ke nan a bakin kowa. Gwaggo ta ce a haƙura har ruwa ya janye. Iya ta ce, "Ruwa zai janye, hutun yaro ya ƙare, idona kuma ba ya jira. Mu je mu ga ruwan tukuna."

Bayan asuba muka kama hanyar mashigi mu huɗu, ni da Iya da Gwaggo da Baffa. Da na hangi gulbin sai na tsaya cik. Ruwa ne ja wur, ya bar gadonsa ya malale gonakin shinkafa, hayin can kuwa sai ka ƙura ido kafin ka gane mutum. Yana tafe da rassan itace da kumfa da tarkace, yana wata irin ƙara ƙasa-ƙasa. Balbelu sun yi fari fat a kan wani tsibiri. A bakin gaɓa an cika maƙil: 'yan mata masu tallar nono, masu buhunan hatsi, masu awaki da kaji, da masu babura. Hausarsu ma sai da na kasa kunne, domin su "mi" suke cewa maimakon "me", su ce "zamna" maimakon "zauna", wanda ya zo kuwa su ce ya "zaka".

Jirgi ɗaya ne a gaɓarmu, na wani saurayi. Yana ta kira, "Ku shigo, ku shigo, da sauran wuri!" Aka loda buhuna, aka kwantar da babura biyu a kansu, aka ɗaure awaki, mutane suka yi ta shiga har wasu suka zauna a kan baki. Baffa ya dubi rana ya ce, "Inna, mu shiga wanga. In mun tsaya jiran wani, ziyarar safe ta wuce mu." Iya ta riƙe hannuna ta ce, "Maigida, je ka gwada mini. Tsakanin ruwa da bakin jirgin nan, nawa ya rage?" Na shiga ruwa har gwiwa, na ɗora hannuna a jikin jirgin, na komo na ce mata yatsa huɗu. Ta ce, "Mutum nawa?" Na ƙirga na ce 31, ban da kaya da dabbobi.

Iya ta nemi wuri a kan wani kututture ta zauna. Ta ce, "Ni ziyarar kabari na zo, ban zo neman nawa ba." Mutanen da ke kusa suka bushe da dariya. Saurayin ya ce, "Haba tsohuwa, ba ki yarda da ƙaddara ba? Wanda kwanansa bai ƙare ba ruwa ba shi cin shi." Iya ta ce, "Na yarda da ita, ɗana. Amma Wanda ya rubuta ƙaddarar Shi ya ba ni hankali, kuma zai tambaye ni abin da na yi da shi. Ga jikana amana a hannuna." Baffa ya yi ta lallashi, ta ce ko da za ta koma Mairuwa ba ta ga Hubbare ba, ba za ta sa ƙafa a jirgin nan ba. Na dubi fuskarta, na san abin da wannan magana ta ci mata, domin burin shekara da shekaru ne ta ajiye a bakin gaɓa. Wata mace mai goyo da ta riga ta shiga ta ji abin da aka ce, sai ta fito ta dawo kusa da mu ta zauna.

Jirgin ya tashi muna kallo. Da ya kai tsakiya, inda ruwa ke gudu, sai ya fara sha ta gefe. Muka ji salati yana tashi, muka hangi masu nono sun juye ƙorensu suna kwarfar ruwa. Allah ya kiyaye suka kai gaci, amma can ƙasa nesa da mashigi, hatsinsu ya jiƙe, nonon kuwa gulbi ya shanye. Baffa bai ƙara cewa kome ba.

Muka yi zaman jira fiye da sa'a guda. Cikin hira na ji abubuwa da yawa. Wani ya tuna jirgin da ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, da mutum fiye da 100 a ciki, 'yan kaɗan suka tsira. Wani ya kawo na Gidan Magana a ƙasar Shagari, a watan Afrilu na 2022, inda mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara sa'o'inmu da suka tafi neman itace. Wani dattijo ya ce a ambaliyar 2010 ruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har malamai da ɗalibai sai da kwalekwale. Da na tambayi abin da ke sa a yi irin wannan lodi, sai aka ce mini da yawa cikin samarin haya suke ɗaukar jirgi, kowace yamma sai sun kai wa mai shi kuɗinsa. Fasinja kuma kowa sauri yake kada kasuwa ta watse. Watau laifin ba na mai fito kaɗai ba ne, har da na mai shiga.

Can sai ga wani jirgi ya taso daga hayi. Mai shi tsoho ne baƙi siriri, da farin gemu, da ɗansa a gaba. Aka ce mana Basarke ne, watau daga cikin Sarkawa, masunta waɗanda suka gaji ruwa kaka da kakanni. Kafin kowa ya shiga, sai da ya sa yaron ya kwarfe ruwan ciki da ƙoƙo, shi kuma ya bi gaɓoɓin katako yana dubawa, yana cusa tsumma inda ya ga yoyo. Sa'an nan ya ƙirga mutum 14 ya ce ya isa. Wani mai babur ya yi ta roƙo har da ƙarin kuɗi, tsohon ya ce, "Jirgi na da cikinai, in ya ƙoshi ya ƙoshi." Kuɗin fitonsa ya ɗara na saurayin kaɗan, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Ya zaunar da mu a ƙasan jirgi, masu nauyi a tsakiya, ya raba mu daidai dama da hagu. Ya ce, "Kowa shi zamna. Kome kuka gani, kada wanda ya tashi tsaye." Rigar ruwa kuwa ko ɗaya ban gani ba a mashigin nan.

Muka yi bisimilla, ya kafa gwangwala ya tura. Abin mamaki, maimakon ya nufi hayi, sai ya bi gefen gaɓa yana haurawa sama, ta cikin ciyawa inda ruwa ba ya gudu. Ya lura ina kallonsa, ya ce, "Yaro, mi kaka kallo?" Na ce na ga mun bar hanya. Ya yi murmushi ya ce wanda ya nufi hayi kai tsaye, ruwa zai kai shi inda bai yi niyya ba. Sai an haura sama tukuna, a ba ruwa rabonsa, sa'an nan shi da kansa zai sauke ka a mashigi. Da muka yi nisa, sai ya karkata kan jirgin, gwangwala ta daina taɓa ƙasa, ya ajiye ta ya ɗauki filafili, ɗansa ma ya ɗauki nasa.

Nan ne na san ƙarfin ruwa. Jirgin ya yi wata girgiza, na ji kamar an fizge ƙasa daga ƙarƙashina. Igiyar ruwa tana dukan katako, feshi yana zuba a jikinmu. Wani kututture ya taho gadan-gadan, tsohon ya ɗan murɗa filafili, ya wuce ta bayanmu yana juyi. Wata yarinya ta firgita ta yunƙura za ta miƙe, jirgin ya kwanta gefe guda har ruwa ya leƙo. Tsohon bai ɗaga murya ba, ya ce, "Zamna, ɗiyata." Gwaggo ta jawo ta ta rungume, jirgin ya daidaita. Iya tana ta tambayata, "Ina muke?" Ni kuma ina faɗa mata, mun wuce tsibiri, mun kai rabi, ga bishiyoyin hayi sun fara girma.

Da ruwa ya lafa, tsohon ya tambaye mu daga ina. Na ce daga Mairuwa, kusa da Funtuwa, na kuma gaya masa cewa rabin ruwan nan daga ƙasarmu ya taso. Ya ce shi shekararsa 50 a kan gulbin nan, bai taɓa ɗaukar wanda ya fito daga kansa ba. Ya ce, "Ashe ku ka aiko muna da wahala duk damina!" Aka yi dariya. Iya ta miƙa hannu ta ɗebi ruwan ta shafa a fuska, ta ce, "Ashe tare muka taho." Jirgin ya sauka daidai mashigi, kamar an ja shi da igiya.

Daga nan muka hau babur mai ƙafa uku muka shiga gari. Sakkwato ba tsohon birni ba ne kamar Katsina ko Kano. Muhammadu Bello ne ya kafa shi a 1809, bayan an ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ya zaɓi tudu kusa da mahaɗar gulaben nan biyu, ga ruwa, ga fadamar noma da kiwo. Ganuwar ta tafi, amma sunayen ƙofofin suna nan, irin su Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a Maratta a 1754, ya yi karantarwa a Ɗegel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Daga Sifawa ya komo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817, aka rufe shi a gidansa. Wannan gida shi ne Hubbare.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin mu isa, amma ba mu makara ba. A ƙofa ga makafi da guragu sun yi sahu, ga masu sayar da carbi da turare da littattafai. Iya ta kwance bakin zanenta ta raba sadakar da ta daɗe tana tari. Muka tuɓe takalma muka shiga. Na ji ana Fillanci, ana Zabarmanci, ana Yarbanci, ga kuma Hausa iri-iri. Wurin ba ƙawa, ba zinariya, ba wani dogon gini. Na yi zaton zan ga abin da ya fi fadar sarki, sai na tarar da gida mai sauƙi, da sanyi, da ƙamshin turare, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Mutumin da ya ba da tutoci aka kafa mulki a Katsina da Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa, ga iyakar abin da ya rage masa na ƙasa. Ummarun Dallaje namu na Katsina ma daga hannunsa tutarsa ta fito.

Saboda idon Iya aka bar ni na riƙe hannunta har ƙofar ɗakin. Ta ce in faɗa mata abin da ke gabanta, na faɗa. Ta matsa kusa ta ƙura ido, ta ce tana ganin inuwarsa, kuma ya ishe ta. Muka yi sallama, muka roƙa wa Shehu gafara da rahama. Sa'an nan ta juya ta fuskanci alƙibla ta ɗaga hannu. Ta roƙa wa iyayenta da Kaka marigayi. Ta roƙi Allah Ya sauko da zaman lafiya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, manoma su koma gonakinsu na nesa da suka bari, waɗanda ke tsare a daji su komo gida, yara su kwana a makaranta iyayensu su yi barci. Ba ta roƙa wa idonta kome ba sai da Gwaggo ta tuna mata. Hawaye yana bin kumatunta, ni ma na sunkuyar da kai.

A cikin Hubbaren aka rufe sarakunan Musulmi da dama, har da Abubakar na Uku wanda ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988, da Muhammadu Macciɗo wanda ya rasu a hatsarin jirgin sama a 2006. Shi Muhammadu Bello a Wurno kabarinsa yake, inda ya rasu a 1837, Abdullahi ƙanen Shehu kuwa a Gwandu. Amma wanda ya fi taɓa zuciyar Iya shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Malama ce da ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ita ta kafa 'yan taru, watau ƙungiyar matan karkara masu neman ilmi. Kowane ayari yana da jagora da ake kira jaji, wadda Nana kan naɗa wa malfa da jan rawani. Jaji ta kan kwaso tsofaffin mata da 'yan mata, su keta daji su haye gulbi su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Da Iya ta ji haka sai ta ce, "Ashe hanyar da uwata ta bi tsohuwar hanya ce."

Daga nan muka taka zuwa Masallacin Shehu, wanda ba shi da nisa, muka yi nafila. Da azahar ta gabato, aka kai su Iya gidan wata 'yar'uwar Baffa su huta, ni da Baffa muka nufi Masallacin Sarkin Musulmi Bello, kusa da fada, don sallar Juma'a. Masallatan biyu da ƙasa aka fara gina su, daga baya aka sāke su da siminti, aka yi musu hasumiya. A ƙofar fada na ga dogarai cikin rigunansu ja da kore. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yana kan gado tun 2006. Sahu ya cika masallaci ya fito har titi. Ban taɓa yin salla cikin taro irin wannan ba, in liman ya kai ƙarshen Fatiha, amin ɗin sai ka ji ta a ƙirjinka. Baffa ya gaya mini cewa Baturen nan Kilafaton ya baƙunci Bello a garin nan a 1824, ya komo ya rasu a nan a 1827, kuma a filin Giginya ne aka gwabza da Turawa ran 15 ga Maris 1903.

Ba mu daɗe ba bayan salla, domin tsohon ya gargaɗe mu cewa shi ba ya fito in rana ta faɗi. Muka biya kasuwa a gurguje. Na sayo wa Baba takalmin jar fatar akuyar Sakkwato, irin wadda a da ake kai ta Turai ta hamada har ake ce mata fatar Maroko. Da la'asar sakaliya muka iske tsohon yana jiran mu, ya sāke ƙirga 14, muka haye lafiya. Bayan kwana biyar ruwa ya janye, muka kamo hanyar gida.

'Yan'uwana ɗalibai, abin da na ɗauko a tafiyar nan ga shi. Dokar ƙasa ta hana lodin da ya wuce kima, ta hana tafiyar dare a ruwa, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa. Amma a bakin gulbi ba ɗan sanda, ba alƙali. Dokar da ke aiki a wurin ita ce idon mai shiga da haƙurinsa. Cikinmu akwai waɗanda karatu ko aiki zai kai Yawuri ko Lakwaja ko bakin Binuwai. Duk wanda ya je, ya dubi bakin jirgi kafin ya dubi agogo, kuma kada kunya ta hana shi fita in ya ga lodi ya yi yawa. Mu kuma tuna cewa shara da dattin da muka zuba a rafinmu ba ɓacewa suke ba, akwai masu sha da alwala da su a gaba.

Iyayenmu kuwa ina roƙon su da ladabi. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 wasu suka cire 'ya'yansu daga makarantar kwana, musamman mata, kuma ba wanda zai ga laifin mai tsoro. Amma matan da suka riƙa zuwa wurin Nana Asma'u ma daji suka keta, gulbi suka haye. Iya ba ta fasa tafiya don tsoron ruwa ba, ba ta kuma shiga jirgin da ya yi nauyi don ɗokin isa ba. A bincika makarantar da ke da tsaro, a haɗa kai da malamai da hukuma a gyara inda ke yoyo, amma kada a bar yaro a gaɓa har hutun rayuwarsa ya ƙare bai haye ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya jiƙan Shehu da iyalansa da almajiransa, Ya ba masu fito haƙuri da wadatar zuci, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.